Wuƙar Goron Kaka Bukar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da littattafaina suka tona mini asiri ba. Lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Diffa, ina fama da ciwon son a ce na sani. Na yi shekaru ina farautar wani tsohon tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da Faransanci, juzu'i takwas masu bangon fata, wani daga Damagaram, wani daga Yamai, har na haɗa su cif. Na jera su daidai inda duk wanda ya shigo ɗakina zai gani. Kullum sai na goge su (karatu kuwa, hotunan juzu'in farko kawai na taɓa kallo).

A lokacin ina neman auren Falmata, 'yar garin Shetimari. A gidansu kuwa ba a yanke magana sai da yardar kakanta, Kaka Bukar, tsohon sojan da ya yi wannan yaƙin da ƙafarsa. Ranar da na je gaishe shi, bakina ya ja mini. Na ce ai saukarsu a gaɓar Faransa tana juzu'i na shida, na karance ta har na kusa haddacewa.

Tsoho ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a can, ya ce, “Mushe, an ambace mu a ciki?”

Na ce, “Sosai ma, Kaka!”

Ran kasuwa sai ga shi ƙofar ɗakina a bayan motar tattasai, da baban Falmata riƙe da hannunsa. Ya sha ruwa, ya gyara zama, ya ce a karanto masa. Na ɗauko na shida cikin isa, har da hure ƙurar da babu. Na buɗe, takardu suka ƙi rabuwa. Na lashi yatsa na sake, suka ƙi. Ashe irin bugun dā ne, wanda shafukansa ke zuwa a naɗe, sai mai karatu ya tsaga su da wuƙa. Tun da aka buga littafin nan ba ɗan Adam ɗin da ya leƙa cikinsa.

Maimakon in yi shiru, sai na ce, “Laimar damina ce ta manne su.” (A watan Afrilu fa, a Diffa!)

Baban Falmata ya sunkuyar da kai yana nazarin tabarma. Ni kuwa gumi har cikin kunne, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Kaka Bukar ya karɓi littafin, ya shafa gefensa, ya zaro 'yar wuƙar da yake yanka goro da ita.

Ya ce, “Ashe a ɗakinka ba a fara yaƙin ba tukuna, Mushe. To ni in yanka, kai ka karanta.”

Haka muka yi har la'asar, yana tsagawa ina karantawa ina fassarawa. Da ƙyar muka samu layi biyu a kan sojojin Afirka. Ya sa na maimaita su, ya share ido da bakin rawani. Wannan ya fi komai ba ni kunya, don ni ado nake yi da abin da ya cinye masa abokai.

Auren dai an ba ni, bisa sharaɗin duk ran kasuwa in karanta masa. Daga nan na koyi darasi: in za ka yi ƙaryar karatu, to ka fara buɗe littafin, in kuwa ka buɗe, ka daure ka karanta, ya fi sauƙi.