Ƙwayar Halitta Mai Cibiya Biyu

Shekarar da soja suka koma bariki, 'yata Hadiza ta yi kwana uku tana zanen ƙwayar halitta a kwali. Da shi malaminsu zai zaɓi masu shiga ajin kimiyya. Ta nuna min: "Baba, zagayen nan shi ne badalarta, wato ganuwarta. Cibiyar nan ke ba da umarni. Masu kama da wake kuma su ke ba da ƙarfi."

Ni kuwa zanen hula ne sana'ata a unguwar Koki, abin da na gani ya hana ni sukuni. Cibiya ta karkace gefe guda, wake a warwatse. Na ce za a yi wa yarinyar nan dariya, ga ubanta mai zane. Tana tafiya Islamiyya na ɗauki fensir. Na jera waken reras, na ƙara cibiya ta biyu don kada hagu ya zauna fayau, na naɗe kwalin na ɗaure, har ina yaba kaina.

A gaban aji ta warware shi. Malamin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hadiza, hular ta yi kyau. Ina ƙwayar?" Sai da na je na amsa laifina ya bari ta sake.

Yanzu tana aikin gwajin jini a wani gari mai nisa, sai sallah nake ganinta. In ta bugo waya, muna gama gaisawa sai ta ce, "Baba, yau cibiya nawa?" Nakan ce biyu, don ta daɗe tana dariya kafin ta kashe.