Ubale da Amyar Barde

"Kafin a kai ni makwanci, sai an riƙa kiran sunana tare da na Barde a garin nan. Ki rubuta ki ajiye, Asibi."

Haka maigidana yake faɗa yana shafa tumbi. Ni kuwa a aji huɗu na tsaya a firamare, rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka, amma ga shi yau na rubuta. Wata tara ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙan sa. A da ba na iya faɗar sunansa a gaban mutane, sai dai in ce Baban Bushra. Yanzu kuwa tunda har kwandastan mota yana kiransa a tasha, bari ni ma in faɗa: Ubale mai faci.

Garinmu Gangarawa, can gefen hanyar Falgore, biki ɗaya muke da shi wanda ya wuce na Sallah armashi, shi ne Ranar Barde. Barde Tanko mutumin garin nan ne tun zamanin da. Tsofaffi sun ce wata shekara mahara suka zo, maza a garin ba su fi talatin ba, sai ya hau dutsen da ke bakin gari da amyoyin zuma, ya yi ta jefo musu. Ko kibiya ɗaya ba a harba ba, mahara suka watse suna susa. An ce ranar Alhamis ta farko bayan an karya masara aka haife shi, don haka duk shekara ranar ake taruwa a filin makaranta. A zaɓi mutum ɗaya ya sa taguwar Barde mai layu, ya hau dutse, ya yi kirari, ya jefo tsohuwar amya wadda babu komai a cikinta. Samari da suka shafa baƙin tukunya a fuska, su ne mahara, sai su kwasa da gudu suna ihu. Daga nan a ci waina da zuma, a yi addu'a, a watse.

Shekara talatin Baba Lado yana hawa dutsen nan, sai gwiwa ta ce ta gaji. Kwamitin biki ya ce za a ba wani, wanda kuma ya yi da kyau a shekarar farko, taguwar ta zama tasa har tsufa. Kowa ya sa ran Ismail mai zuma za a ba, mutum marar hayaniya wanda amyoyinsa sun kai arba'in. To amma ba a san da maigidana ba.

Ranar Litinin ya ce kakan kakansa ne ya riƙe wa Barde igiya. Ranar Laraba kakan kakan nan ya zama ƙanin Barde uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin Juma'a, ban da kunya, da ya ce shi ne ya haifi Barden. Duk wanda ya kawo taya faci sai ya ji tarihi kafin a zuba masa iska.

"Mu jinin Barde zuma ba ta harbinmu," in ji shi. "Gaisuwa take zuwa yi."

"Ubale, ba kai ne rina ta kora daga banɗakin masallaci ba?" in ji wani ɗan acaɓa.

"Rina daban, zuma daban. Da rina ba mu da alkawari."

Malam Ja'afar, tsohon hedimasta, shi ne shugaban kwamiti. Ya tambayi Ismail ko yana so. Ismail ya yi murmushi ya ce, "Malam, a ba shi. Ni hawa bishiya ya ishe ni." Aka ba Ubale taguwa. Ni kuwa, kada in ɓoye muku, ranar har da sa sabon ɗankwali na je gidan niƙa, ina tafiya kamar matar ciyaman. Duk macen da ta gaishe ni sai in ce, "Lafiya lau, sai hidimar gidan Barde."

Kwana uku kafin biki ya shigo gida yana huci.

"Asibi, kin san shekara talatin ana yaudarar mutanen garin nan? Amya ba zuma. Wasan yara ke nan. Bana wakilin ciyaman zai zo daga Doguwa, masu rediyo za su zo. Ni da zumar gaske zan yi."

"Malam Ja'afar ya yarda?"

"Barde ya nemi izinin kwamiti?"

Na duba maganar, na ga lalle Barde bai nema ba. Kun ga irin kaina ke nan.

Ubale ya je wurin Ismail aron amya, Ismail ya ce ko da kuɗi ba zai bayar ba. Sai ya tuna akwai wata da mahaifinsa ya ɗaura a kan ɗorawa a gonarsu, wadda tun da tsohon ya rasu Ubale bai taɓa bi ta ƙarƙashinta ba sai da sauri. Ranar biki, ana idar da sallar asuba, muka tafi. Sanyin safiya ya sa zumar ba ta fara fita ba. Ya hau yana salati, ya liƙe ƙofar amyar da ɗanyar laka, ya ɗaure ta da igiya ya zuro. Wa ya tare a ƙasa? Ni. Uwar 'ya'ya biyar, na rungumi amya tana gurnani kamar injin niƙa, ina jin daɗi wai ina cikin tarihi. Muka sa ta a buhu, muka turo a baro.

Sai maganar taguwa. Baba Lado siriri ne kamar karan dawa, maigidana kuwa Allah ya yi masa wadatar ciki. Da ya sa ta, ta tsaya a saman cibiya ta ƙi sauka. Wannan duk bai dame ni ba. Warin ne ya dame ni. Taguwar nan ban san ko an taɓa wanke ta ba, hayaƙi ne kawai da kashin shanu ke tashi daga jikinta. Na ce a raina, mijina zai tsaya gaban manyan baƙi yana wari kamar garke? Na ɗauko humrata ta biki, wadda ƙanwata ta aiko mini daga Bebeji, na juye rabin kwalba. Na ƙara da turaren wuta. Layun ma ɗaya bayan ɗaya na bi su na shafe.

Lubabatu matar Ismail ta shigo aron matankaɗi, ta shaƙi iska, ta tsaya.

"Yaya Asibi, taguwar Barde kika sa wa turare?"

"Ita fa. Ko da laifi?"

"Ai da gangan ake turara ta da kashin shanu. Mu a gidanmu ko sabulu mai ƙamshi ba a wanka da shi in za a je wurin amya. To da yake ta wasa ce babu zuma, ba komai."

Ta kalli buhun da ke gurnani a gindin rumbu, ta kalle ni, ta fita ko matankaɗin ba ta ɗauka ba. Na ce wa Ubale, "Ka ga baƙin ciki? Don ba mijinta aka ba ba."

"Rabu da su," ya ce. "Ƙara mini a wuya."

Na ƙara masa.

Da hantsi fili ya cika. Ga rumfar manyan baƙi, ga lasifika, ga masu waina. Na lura Ismail ya matsar da mata da yara can bayan azuzuwa, ya kuma hura wutar kashin shanu wuri huɗu a gefen taro, hayaƙi yana tashi. Ya ja samarin mahara gefe ya yi musu raɗa, suka tsaya nesa da gindin dutse fiye da yadda aka saba. Ni duk na ɗauka hassada ce, yana so ya rage wa mijina 'yan kallo.

Baba Lado ya dogara sanda ya zo wurin Ubale.

"Ɗana, in ka hau, kafin ka jefa, ka ɗebi ƙasa kaɗan ka watsa sama, ka ga inda ta nufa. Haka na gada, haka ake yi."

"Baba, wannan ai ƙawa ce ta tsofaffi. Mu yanzu aiki za mu yi."

Ya bar amyar kwamiti a ƙasa, ya ɗora buhunsa a ka. Dutsen da Baba Lado yake hawa cikin minti biyar, maigidana sai da ya huta sau huɗu. A hutu na biyu taguwa ta yage a hammata. A na uku takalmi ɗaya ya gangaro, wani ya ɗaga ya nuna wa taro, aka yi tafi. Ya isa sama yana gumi, humra tana tashi har ƙasa muna ji.

Da ya jefa nan take, wataƙila da an tsira. Amma an miƙa masa makirufo mai doguwar waya. Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa tayoyi jawabi, yau ga mutane. Ya yi kirarin Barde, ya yi na kakan kakansa, ya yi nasa, ya faɗi inda shagonsa yake da lokacin da yake buɗewa. Rana tana dukan amya, laka tana bushewa.

"Jama'ar Gangarawa," ya ce, "yau za ku ga abin da kakanninku suka gani."

Ya kwance buhu. Lakar ta faɗo da kanta. Ya ɗaga amya ya jefa, ta daki gefen dutse ta fashe, wani baƙin gajimare ya tashi. Mahara suna nesa, hayaƙin Ismail ya tsare taro, iska kuwa daga fili take busowa tana hawa dutse. A saman dutsen nan kuma ga mutum ɗaya tsaye yana ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Ta lasifika muka ji gaisuwar farko. "Wayyo." Sai ta biyu. "Ismail. Ismail, kana ina?"

Ban taɓa ganin mutum ya sauko daga dutse da mazaunai da irin wannan sauri ba. Samarin mahara suka ga abin da ke bin sa, suka fara gudu na gaskiya. Ubale ya kamo na baya, ya wuce shi. Ya wuce na tsakiya. Shugabansu, wanda yake buga wa garinmu ƙwallo, ya waiwaya ya ga Barde a kafaɗarsa yana cewa, "Ba ni hanya, ɗan nan." Ya ba shi.

Ni fa a ina nake? Ina kan benci a tsaye ina rangaɗa guɗa. Na ɗauka korar su yake yi. Har na dafa Lubabatu na ce, "Kin ga jarumta? Baba Lado ya taɓa bin su da ƙafa?"

"Yaya," ta ce, "mai kora ba ya shiga gaba."

Bayan makaranta akwai kududdufin da shanun Fulani suke shan ruwa. Nan ya faɗa, taguwar Barde da layu da komai. Sai hanci kawai a waje, shi ma zuma biyu suna jiran sa. Ismail ya zo da bakin wuta yana kaɗa hayaƙi, ya kusa rabin awa kafin ya ce, "Fito, jinin Barde, baƙin sun tafi."

Abin da ya fito daga ruwan nan, ba don takalmi ɗaya da na gane ba, da na ce ba nawa ba ne. Ido ya rufe, leɓe kamar an ɗora masa waina biyu. Wakilin ciyaman ya tambayi Malam Ja'afar ko haka ake yi duk shekara, don in haka ne baɗi zai zo da iyalinsa.

Kwana huɗu ina shafa masa man shanu da toka. Da kumburin bakin ya sauka har ya iya magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Humrarki ce."

"Ƙasar da Baba Lado ya ce ka watsa fa? Ashe iska ake dubawa."

"Humrarki ce, Asibi."

Wannan shari'a shekara shida muna yin ta, har ya koma ga Allah ba a yanke ba.

Ranar da ya fara fita, Malam Ja'afar ya zo da 'yan kwamiti. Ubale ya gyara zama, yana jiran a tabbatar masa da taguwa.

"Malam Ubale, taguwa dai an ba Ismail," in ji Malam Ja'afar. "Amma kwamiti ya ga baiwar da Allah ya yi maka. Tunda aka fara bikin nan ba a taɓa samun wanda ya nuna wa jama'a yadda mahara suka ji ba sai kai. Daga baɗi kai ne shugabansu."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya shafa tumbi, ya ce, "Dama kakan kakana ta wajen uwa, an ce da shi aka zo harin."

Shekara shida yana shafa baƙin tukunya yana gudu, mutane har daga Tudun Wada suke zuwa kallo. Kududdufin nan kuwa da ba shi da suna ya samu. In ka shiga motar garinmu yau, za ka ji kwandasta yana cewa, "Dutsen Barde, Kududdufin Ubale, akwai mai sauka?"

Bana aka yi bikin farko babu shi. Na ce ba zan je ba, Lubabatu ta zo ta ja ni. Samari suka yi gudunsu, ba laifi, amma kowa ya san da saura. Da aka zo addu'a, Malam Ja'afar ya karɓi makirufo, ya ce, "Allah ya jiƙan Barde Tanko da ya kori mahara. Allah ya jiƙan Ubale da ya riga su gudu."

Duk filin aka ce amin. Ni ma na ce amin, ina share hawaye da ɗankwali. Sauran rabin humrar nan tana cikin akwatina, ban sake buɗe ta ba.