Yadda Sululun Bakin Kogi Ya Zama Maraya

Ranar Litinin da safe na yage wandona a bakin kogin Jimeta, kuma tun da ba ni da inda zan kai ƙara, ku na kawo wa, masu karatu.

Ni dillalin gyaɗa ne. Aikina in ga an kwashe buhuna daga sito an zuba su a jirgin kaya kafin ruwa ya janye. Wanda bai san kogin Binuwai ba ya sani cewa manyan jirage ba sa zuwa mana sai da damina. Da zarar yashi ya fara leƙowa a tsakiyar kogi sai su juya, sai kuma baɗi, gyaɗar da ba ta shiga ba ta zama ta ɓeraye da ƙwari. Yawancin kayan da ke hannuna bana na Hajja Zinariya ne, wata 'yar kasuwa a unguwar Demsawo wadda ba ta ɗaga murya, amma idan ta kalle ka sai ka ji da ma ɗagawar ta yi.

Tsakanin sito da ruwa akwai gangara mai tsawo. Da can 'yan dako ne ke sauka da buhu a ka, suna zamewa a taɓo, wannan ya karye, wancan ya goce ƙugu. Bara waccan sai maƙwabcina Haladu kafinta ya haɗa mana wani dogon kwararo na katako daga ƙofar sito har bakin jirgi. Ka ɗora buhu a sama, ka sake shi, ya tafi abinsa. Muka raɗa masa suna sululu. Tun daga lokacin ba a hira da Haladu sai ya gaya maka yadda abin ya zo masa a mafarki.

To, ran Litinin ɗin na iso na tarar an ɗaure sululu da sarƙa da kwaɗo, an kafa masa allo, ga Ɗanburam masinja zaune a kai cikin kakinsa.

Na ce, "Ɗanburam, me ya sami sululu?"

Ya ce, "Babu sululu a nan, Malam Jalo. Wannan Na'urar Saukar da Kaya ta Zamani ce. Maigida ne ya ƙirƙiro ta, ya yi mata rajista a Ikko. Ba mai taɓa ta sai da izininsa."

"Amma ai kana nan Haladu ya buga ta. Kai ka riƙe masa ƙusa."

"Wannan kafin a ƙirƙiro ta ne," in ji shi.

Na ɗaga ƙafa zan tsallake sarƙar in karanta allon da kyau, wata ƙusa ta kama ni ta baya. Haka na koma gida ina riƙe da riga kamar mai ɓoye kazar sata.

Maigidan da ake magana wani babba ne a wani ofishi mai fanka. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina da iyali. Mu dai a bakin kogi Mai Alƙalami Uku muke ce masa, saboda abin da ke jere a aljihun ƙirjinsa. Na tambayi masu ilimi, suka ce ai akwai doka: idan mutum ya ƙago sabon abu sai a ba shi takarda, kada wani ya kwaikwaya ya ci guminsa. Ni ban ga laifin wannan doka ba. Abin da kawai take bukata shi ne mutum ya san hanyar Ikko, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Bara Maigida ya zo rangadi, ya tsaya an riƙe masa laima yana kallon buhuna suna sauka. Nan take Allah ya buɗe masa basira, ya ƙirƙiro abin da yake kallo. Irin waɗannan mutane ne ƙasa ke nema tun da muka sami 'yancin kai.

Da Haladu ya ji labari sai da aka rirriƙe shi. "Hamma Jalo, mafarkina fa. A kan tabarmata na yi shi. Shi ina yake lokacin?" Ana cikin haka sai ga Apollos, tsohon kafintan 'yan mishan, ya jingine kekensa ya zauna. Ya saurara har Haladu ya gaji, sannan ya ce a hankali, "Haladu, lokacin da na yi irin wannan abu a rumbun mishan, wa yake riƙe mini zarto? Ba kai ba?" Haladu ya ce nasa ya fi tsawo. Apollos ya ce tsawo ba dabara ba ne. Kafin la'asar sululu ya sami uba uku, kowanne yana rantsuwa da littafinsa.

Hajja Zinariya ba ruwanta da wanda ya haifa. Washegari ta sa ni gaba muka tafi ofis. Muka zauna a benci har aka gama shan shayi, aka gama hutun da ke bin shayi, sannan aka shigar da mu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema. Ko nawa ne a faɗa."

Maigida ya yi murmushi ya ce ba a ba da izini sai an yi bikin buɗewa, biki kuma sai babban baƙo ya iso daga Maiduguri, kun san kuma halin hanya da damina.

Hajja ta ce, "Shi kogin an gaya masa ya jira?"

Ya ciro alƙalami ɗaya, ya dube shi, ya mayar. Ya ce za a duba.

Dole muka koma wa ɗaukar kai. Sululu na kwance a gefe da sarƙarsa, tsofaffin 'yan dako suna saukowa kusa da shi da buhu a wuya, yatsun ƙafa na neman wurin kamawa a taɓo. Ranar Laraba ɗayansu ya zame, aka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Kyaftin ɗin jirgin, wani ƙaton mutum daga can bakin teku, ya nuna mini yashin da ya fito a tsakiyar ruwa, ya nuna sito, ya girgiza kai. Ban ji yarensa ba amma na fahimta. Ko rabin kayan Hajja ba su shiga ba.

Su kuwa mutanen ofis ba su zauna ba, kada a zalunce su. An shafe sululu da koren fenti mai ƙyalli. Maigida ya ce zamani sauri ne, don haka aka ƙara ɗaga kan sululun da bulo, aka malala baƙin mai tun daga sama har ƙasa. An kafa rumfa, an ɗebo kujeru daga makarantu har yara suka koma zama a ƙasa, an kawo lemon kwalba mota guda, an ɗauko masu badujala.

Ranar Alhamis aka yi biki. Babban baƙo bai zo ba, ya turo wakili, shi ma wakilin ya turo wakili. Maigida ya yi jawabi a kan dararen da ya hana idonsa barci saboda tausayin talaka. Haladu na tsaye a bayan igiya yana huci, Apollos na gefensa yana taunar goro. Aka kawo buhu ɗaya an ɗaura masa ƙyalle mai launi, Maigida ya ɗora hannu, ya tura.

Na daɗe a bakin kogin nan, ban taɓa ganin gyaɗa ta yi irin wannan gudu ba. Buhun ya wuce mu da fito, ya kai ƙarshen katako, bai tsaya ba, ya tashi sama. Kyaftin yana zaune a kan jirgi yana cin abinci, ga rediyonsa a kan teburi. Buhun ya kwashi teburin da tukunya da rediyo, suka faɗa Binuwai tare ta ɗaya gefen. Masu badujala da ba su ga abin da ya faru ba suka ci gaba da busa.

Kyaftin ya miƙe, da cokali a hannunsa. Ya hayo gangaren nan a hankali, mutane na darewa. Da ya iso rumfa sai ya yi tambaya ɗaya da Turancinsu na mutanen ruwa, aka fassara mana: wannan abu na wane ne?

Maigida ya gyara murya. Ya ce a gaskiya, idan za a bi diddigi, shi shawara kawai ya bayar, ainihin aikin na wani kafinta ne da ake kira Haladu, kuma bai kamata a tauye wa talaka haƙƙinsa ba.

Abin da Haladu ya kwana uku yana nema ke nan, an ba shi a gaban jama'a. Ya dubi faɗin kafaɗun kyaftin, ya ce, "Ni kwaikwayo na yi. Baba Apollos ne mai abu, ni zarto kawai na riƙe masa."

Apollos ya tofar da goro. "Ni ma ba nawa ba ne. Yara na gani suna zamewa a kan dutse a garinmu. Yanzu duk sun girma, ban san inda suke ba."

Aka waiwaya neman allon da ke ɗauke da sunan mai na'ura, sai aka ga Ɗanburam ya riga ya cire shi, ya kifa, ya zauna a kai yana kallon tsuntsaye.

Nan Hajja Zinariya ta taso daga kujerarta. Ta ce, "Jama'a, ina tambaya don kada in shiga haƙƙin wani. Akwai mai wannan katako?" Kowa ya kau da kai. Ta juya wajen rumfa. "Ranka ya daɗe, akwai wanda zan nemi izininsa?" Maigida ya duba agogo, ya tuna yana da wani taro.

Kafin ƙurar motarsa ta kwanta Hajja ta sa an kawo toka da yashi, aka goge man nan tas, aka janye bulon. Ta aika gida aka kawo wa kyaftin bunsuru da rediyonta na ɗaki, ya huce har ya yarda ya ƙara mana yini. Haladu da Apollos suka tsaya ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna karɓar buhu. Ranar Asabar jirgi ya tashi, cikinsa na gogar yashi, sito kuwa ba abin da ya rage sai shara. Mutumin da ya zame yana samun sauƙi, Hajja ce ke ciyar da gidansa.

Jiya na ji cewa labarin ƙirƙirar ya riga labarin bikin isa sama, don haka an yi wa Maigida ƙarin girma, zai koma Maiduguri. Muna taya shi murna da zuciya ɗaya. Ku kuma 'yan'uwanmu na can, na san ba ku da jirgin ruwa, amma kuna da rijiyoyi. Shawarata ku hanzarta ku yi wa guga da igiya rajista kafin motarsa ta iso.