Maɓallan da Na Sa wa Rediyon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da na so mantawa surukaina ba za su bari ba.

Ni mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Doka. Aji huɗu na tsaya a firamare, sauran ilimina hayaƙin dalma ne. Sai Allah ya haɗa ni aure da gidan malamai a cikin gari, gidan da ko akuyarsu ta fi ni jin Larabci. Shekara goma sha tara ina aure da Rabi, amma mahaifinta, Malam, bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Mai rediyo". Babban ɗansa kuwa, Dakta Nura, in zai gaishe ni kamar yana duba maras lafiya.

Malam ya tsufa, hannunsa na rawa. Akwai tsohuwar amfilifaya mai haɗe da rediyo a zaurensa da yake jin karatu da labarai, amma in ya kama abin murɗa murya, ko ya rufe ta gaba ɗaya ko ta yi ƙara. Na ce a raina, yau ga ranar da za a san ina da amfani. Na ɗauko ta, na cire abin murɗawar, na haɗa ɗan akwati mai maɓalli biyu: na sama ya ƙara, na ƙasa ya rage. Danna ɗaya, taki ɗaya. Sati biyu na yi a kai, na ƙona yatsa, na ƙona ayisi guda uku, 'yan baƙaƙen ƙwaƙwalwar na'urar.

To, Malam magana yake saurare ba kiɗa ba, don haka muryar mutum nake buƙata in gwada. Na naɗi tawa, na zuba a katin da ake sa wa amfilifayar. Da farko "gwaji, gwaji" nake cewa. Sai shaiɗan ya zo. Shago ba kowa, na fara kwatanta yadda za a yi ranar miƙa kyauta, ni ne ni, ni ne kuma Malam. (Na iya muryarsa, har da tarin nan nasa guda biyu kafin ya yi magana. Rabi ta sha ce min wata rana sai bakina ya ja min.)

Ranar Juma'a da safe na mayar da amfilifayar, na kafa akwatin a bango, daidai inda hannun Malam zai kai daga buzunsa. Wayar ta gaza, sai na juya akwatin ƙasa sama don ta isa. Ba wuta, ban gwada ba. Na ce ai aikina ne, me zan gwada?

Bayan an sauko daga masallaci zaure ya cika, 'ya'ya da almajiran Malam manya da maƙwabta. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na shiga na durƙusa a gabansa, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗan wani aiki ne na yi."

Dakta Nura ya ce, "Injiniya, an dai gwada ko?"

Na ce, "An gwada, Dakta."

Ko rufe baki ban yi ba aka kawo wuta. Ita kuwa amfilifayar, in ta samu wuta, abin da ke cikin kati take fara kamawa. Katin da na manta ban cire ba.

Aka ji "gwaji, gwaji." Mutane suka yi murmushi. Sai tari guda biyu ya fito daga sifika. Duk zauren ya juya ya kalli Malam, bakinsa a rufe.

Muryar ta ce, "Mai rediyo, matso kusa. Wallahi na daɗe ina zaluntarka."

Na miƙa hannu bango. Ba halin in miƙe tsaye a kan Malam, ba halin in ɗaga ido in kalle shi, don haka daga durƙushe na lalubo maɓallin ƙasa na danna. Murya ta ƙaru. Na sake dannawa. Ta ƙaru. (Ai na juya akwatin. Wannan sai da daɗewa na tuna.) Na ci gaba da dannawa kamar mai jan carbi, har tantabarun kan soro suka tashi, kuma a daidai nan muryar ta sanar da unguwa cewa, "Duk 'ya'yana ba mai kanka. Shi Nura in ka cire farar rigar me ya rage? Ko fitila bai iya canza wa ƙwai ba."

Daga cikin gida na ji mata sun fashe. Na gane dariyar Rabi a ciki, ita ce ta fi ƙarfi.

Wanda ya cece ni Malam ne. Ya ɗaga hannun nan mai rawa, ya danna na sama, sau ɗaya, sau biyu, har murya ta mutu. Ni dai ina ƙirga zaren tabarma.

Ya yi tari guda biyu, na gaske. Ya ce, "Mai rediyo."

Na ce, "Na'am, Allah ya gafarta Malam."

"Tarin ka samo shi. Maganar zalunci ban faɗa ba. Ta ƙwan fitila kuwa," ya dubi Dakta Nura, "ban faɗa ba, amma ban musa ba." Sannan ya sake danna maɓallin ya ce, "Abin nan ya yi min. Shekara biyu rabona da in rage muryar wani da hannuna. Allah ya yi albarka. Katin kuma a bar min shi."

Har yau akwatin na nan a kife, Malam ya hana a gyara, wai ya saba. In baƙi suka zo yakan sa musu katin. Dakta Nura kuma duk inda muka haɗu sai ya yi tari biyu kafin ya gaishe ni.

Abin da na koya? Sati biyu na ɓata ina yi wa rediyo maɓallin rage murya, ashe wanda ke buƙatarsa yana zaune a gaban rediyon riƙe da dalma.