Rasuwar Beryl, Mai Ɗumama Mana Ruwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika taf, ni Noeline Pybus ta garin Deloraine, a madadin mijina Desmond da sauran iyali, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar ɗumama ruwanmu, wadda muke kira Beryl. Ta cika ranar Talata da safe a bayan ɗakin wanki, inda take zaune tun zuwanta. Lokacin Desmond na kan kujerar roba a ƙarƙashin shawa, da sabulu a ka.

Marigayiyar mai ƙana'a ce. Ba ta hura wuta, ba ta cin itace. Ɗan ɗumin da ke cikin iska take tsinta da fankarta ta zuba wa tanki, ko da iskar yankinmu na Tasmania ce mai tsananin sanyi. In ta fara aiki sai ka ji "hummm" a hankali, in ta gama ta ce "ƙas" ta yi shiru. Mun saita mata agogo ta yi aiki da tsakar rana kaɗai, sa'ad da farantan sola na kan rufi ke ba da wuta kyauta. Mu tsofaffi biyu, ruwan na isarmu har ya kwana.

Ciwonta ya samo asali ne daga dawowar 'yarmu Raelene gida da 'yan matanta biyu, bayan mutuwar aurenta. Kafin a zo kan Desmond ruwan ya huce, shi kuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannunsa ba ya sakewa sai ya ji ruwan zafi. Muka ƙara mata aikin asuba. A wannan sanyin sai ta yi ta nishi kafin ta samu abin tsinta, takardar kuɗin wuta ta zo, fanshonmu ya kasa ɗauka. Muka mayar da ita rana, ruwa ya ƙare. Haka muka yi ta juya agogon gaba da baya duk tsawon hunturu.

Na taɓa cewa jikokin su riƙa wanka kwana ɗaya su tsallake ɗaya. Raelene ta ce, "Mama, da wanne za su ji? Uba ya tafi, a makaranta kuma a ce suna tsami?"

Desmond ya ce, "Bar su su yi, Noel. Ni ina za ni?"

A makonninta na ƙarshe ƙanƙara ta riƙa kama mata baya. "Hummm" ɗin ya koma "kar-kar-kar", kamar mai tari. Lachlan Viney mai gyaran famfo ya durƙusa ya saurare ta, ya daɗe, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce, "Madam, zuciyar ce ta tafi. Ta mutum biyu ce, aka ɗora mata biyar." Kuɗin gyaran kaɗan ya rage ya kai na sabuwa, kuma ba mu da ko ɗaya a ciki.

Ta bar butar shayi da manyan tukwane biyu, waɗanda aikinta ya faɗo kansu. Ta bar farantan rufi, da yanzu ke miƙa wa kamfani wutarsu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta bar Desmond, wanda nake goge wa jiki da tawul daga roba, ruwan na hucewa kafin in kai ƙafa.

Ranar Juma'a Lachlan zai zo ya zuƙe mata iskar gas ɗin da ke cikinta kamar yadda doka ta tanada, sannan ya ɗauke ta a bayan motarsa zuwa wurin tara ƙarafa na ƙaramar hukuma. Ba a buƙatar furanni. Ana karɓar gaisuwa a kicin, a zo da riga mai kauri. Duk wanda banɗakinsa ba shi da tudu a bakin ƙofa, kuma ruwan zafinsa na yin saura da safe, ya faɗa wa Raelene ranar da ta fi masa sauƙi, za ta kawo babanta ya yi wanka.