Yadda Za Ka Sa a Ayyana Murarka Annoba Kafin Asabar

Surukinka zai yi ƙaura ran Asabar, kuma kai da ƙannen matarka biyu aka ɗora wa hawa bene da firji. Bayanka kuwa ka san halinsa. Kwantar da hankalinka. Na zauna na nazarci yadda hukumomin lafiya na duniya ke ayyana annoba, na rage tsarin daidai gidan haya. Bi ni sannu, ko cokali ba za ka ɗaga ba.

1. Kai rahoto da wuri

Yi atishawarka a gaban uwargida, ba a banɗaki ba. Cutar da hukuma ba ta ji ba, babu ita. Za ta ce, "Mura ce fa, sha ruwan zafi." Kada ka ji haushi, kowace annoba da haka ake tarbarta.

2. Jira ta tsallaka iyaka

Mutum ɗaya kwance a ɗaki ɗaya ba annoba ba ne, raki ne. Sai cuta ta haye nahiyoyi ake ɗaukarta da daraja, naka nahiyoyin kuwa su ne falo, kicin da ɗakin yara. Ban ce ka yi wa kowa tari a fuska ba, Allah Ya kiyaye. Kai dai zauna a falo ka riƙe rimot kamar kullum.

3. A kira kwamitin gaggawa

Mambobi: uwargida, da yayarta mai aikin jinya ta waya. Kai ba ka da ƙuri'a, kai hujja ne. Kwanta, ka yi nishi daidai misali. Za su tashi ba matsaya, su ce, "Mu ga gobe." A harkar kwamiti, wannan ci gaba ne babba.

4. Bar shugaba ta furta

Kwamiti shawara yake bayarwa, shugaba, wato uwargida, ke ayyanawa. Randa auta ya fara tari, ita ma hancinta ya toshe, za ta kira mahaifinta: "Baba, gidan nan kaf mun kwanta." Ja bargo ka rufe fuska, murmushi na ɓata shaida. Ƙannenta za su zo dubiya. Karɓe su hannu bibbiyu.

5. Rungumi sakamako

Ran Juma'a za ka farka garau. Ashe wanda ya fara kamuwa shi ke fara warkewa. Kai ne girki, kai ne wanke-wanke, kai ne sharce wa auta majina. Asabar da safe waya za ta yi ƙara.

"Ɗana, an ce kai ka miƙe, alhamdu lillahi. Yaran nan tun da suka dawo daga gidanku suke kwance. Firjin dai sai kai kaɗai."

Ce, "To, Baba."

Ni dai na yi alkawarin ba za ka ɗaga cokali ba, ban ambaci firji ba. Duk abin da ya samu bayanka ko aurenka, ba da yawuna ba. Kada ma ka zo mini da ƙorafi, ni ma bayana ya riƙe, a ƙasa nake kwance, ba na iya tashi in buɗe ƙofa.