Ranar da Zakara Ya Karɓe Mini Mawaƙa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadin godiyar kaka a ƙaramin cocinmu na bayan Malumfashi. Ko na so in manta, yaran unguwa ba za su bari ba.

A lokacin ni ne malamin mawaƙan yara. Ban iya waƙa can-can ba, amma na taɓa zuwa wata bita a Zariya inda na ga ana juya mawaƙa da hannu kawai, na dawo kaina ya kumbura. Yaran da suka saba bin kiɗan tulu da caki na kafa musu doka: "Ku manta da tulu, hannuna za ku kalla. In ya yi sama ku ɗaga murya, in ya yi ƙasa ku sassauta, in ya yi sauri ku yi sauri, in na dunƙule ku yi tsit." Damina guda na yi ina nanata wannan, har ya zauna musu daram.

Akwai kuma maganar Rifkatu, wadda nake neman aure. Mahaifinta, Baba Ishaya, dattijo ne daga wajen Gozaki wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Ya aiko cewa zai zo ranar ya gan ni da idonsa kafin ya ba da amsa. Ina son Rifkatu, tsoron babanta kuma ya hana ni karyawa da safen. Na sha farar shadda, na gyara hula.

A wajenmu, ranar godiya kowa yakan taho yana rawa da abin da gona ta ba shi, damin dawa, masara, kabewa, ya miƙa wa dikin, wato ma'aikacin coci da ke tsaye a gaba yana karɓa. Abin baiko na Ubangiji kuwa in an miƙo, ba a mayarwa, ba a kuma yarwa. Ni da son a gan ni (musamman daga bencin dattawa), sai na je na tsaya daidai inda dikin yake tsayawa.

Waƙa ta fara lafiya. Sai ga Kaka Saratu, tsohuwar da idonta ya yi rauni, ta taho tana rangaji. Ta ga farar riga da hannu a miƙe, ta danƙa mini wani jan zakara, ta ce, "Ungo, ɗan nan, na Ubangiji ne." Ta juya abinta.

Igiyar ƙafarsa ta kwance. Zakara ya yi sama, hannuna ya bi shi, yara suka kwarma murya har kwanon rufi ya amsa. Na jawo shi ƙasa, suka koma raɗa. Ya shiga fuffuka, ni ina kokawa, su kuma suka ɗebi waƙar da gudu, matan da ke rawa suka rasa ƙafar da za su ɗaga. Na ce, "Ku daina kallona!" Wata yarinya a sahun gaba ta amsa, "Malam, ai kai ka ce!" Ba su ɓata ko sau ɗaya ba. Ban taɓa alfahari da su kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin haushinsu haka ba.

Da ƙyar na dunƙule hannu a kan fukafukansa. Yara suka yi tsit. Coci ya yi tsit. A cikin wannan shirun zakara ya sakar mini kashi a gaban shadda, ya miƙe wuya, ya yi cara. Wani tsoho a baya ya ce, "Amin."

Bayan an tashi na je na durƙusa gaban Baba Ishaya, hula a karkace, gashin kaza a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon shaddar.

"Kai ne malamin waƙar?"

"Ni ne, Baba."

"Waƙa dai ba ka iya ba," in ji shi. "Amma na ga abin da aka danƙa maka ba ka saki ba. Ka turo manyanka."

Yau 'ya'yanmu ma suna cikin mawaƙan, an kuma koma bin tulu. Darasin da na ɗauka ɗaya ne: ranar godiyar kaka can gefen taga nake tsayawa, hannuna biyu a aljihu.